AfriLabs: Zangon fataken zamani a tsakiyar Abuja

Bari in fito fili tun daga farko, don kada mai karatu ya zaci alƙali ne ke magana. Ni masoyin AfriLabs ne, kuma son da nake yi wa ƙungiyar nan ya kai inda duk wanda ya zauna da ni a majalisarmu ta Kubwa bayan sallar isha'i ya san ba za a tashi ba sai na kawo zancenta. Abokaina har sun haddace. Ina da hujja kuwa, kuma ita nake son in baje a nan, domin abin alheri idan ka gan shi da idonka, ɓoye shi rowa ce.

Ga wanda bai taɓa jin sunan ba, AfriLabs ƙungiya ce da ta haɗa cibiyoyin ƙirƙira da fasahar zamani na nahiyar Afirka a inuwa ɗaya. An kafa ta a shekarar 2011 da cibiyoyi biyar kacal daga ƙasashe huɗu: iHub da Nailab daga Kenya, Hive Colab daga Yuganda, ActivSpaces daga Kamaru, sai Banta Labs daga Senegal. Yau cibiyoyin da ke cikinta sun haura 400, a ƙasashe fiye da 50. Daga biyar zuwa ɗaruruwa, cikin shekarun da yaron da aka haifa a lokacin bai ma gama sakandare ba! Ita kuwa cibiyar ƙirƙira, gida ne da ake tanadar wa matasa masu rubuta manhaja ko masu ƙoƙarin kafa ƙaramin kamfani abubuwan da suka fi ƙarfin aljihun mutum ɗaya: wutar da ba ta ɗaukewa, intanet mai ƙarfi, tebur da kujera, ɗakin ganawa da baƙi, da kuma wani wanda ya riga ka shiga harkar da zai duba aikinka ya gaya maka gaskiya. Wanda ya san kuɗin hayar ofis a Wuse 2 ko Maitama, ya kuma san abin da janareta ke sha a wata, ba sai an yi masa dogon bayani kan darajar irin wannan gida ba.

Abin da ya fara kama zuciyata shi ne inda ƙungiyar ta ajiye babban ofishinta. A Abuja yake. Nan garin namu da ake yi wa kallon garin ma'aikatan gwamnati da masu neman kwangila, garin da ake cewa in Juma'a ta yi kowa sai ya kama hanyar garinsu. Idan ana zancen fasaha a Najeriya, kowa Legas yake kallo, musamman unguwar Yaba, inda CcHub take, wurin da Mark Zuckerberg na Facebook ya fara sauka a ziyararsa ta 2016. Legas ta cancanci yabonta, ban yi musu ba. Amma igiyar da ta ɗaure cibiyoyin Alƙahira da na Nairobi da na Dakar da na Lusaka, ƙullinta yana nan tsakanin Dutsen Aso da Dutsen Zuma. Duk lokacin da na tuna haka sai in ji ƙirjina ya buɗe.

Kafin in san da su, ni kaɗai nake fama. Na rubuta wata 'yar manhaja da ke taimaka wa masu shagunan sayar da magani su san abin da ya shigo da abin da ya fita, da maganin da wa'adinsa ya kusa ƙarewa, da bashin da ke kan kowane mai saye. Daga ɗakina nake aikin, da kwamfuta ɗaya da datar da nake saye da kuɗin abinci. Wani ofis ya taɓa karɓar aikina ya yi wata bakwai yana ce mini in dawo mako mai zuwa, har na gaji na bar musu. Ban san lauya ba, ban san yadda ake rubuta yarjejeniya ba, ban san ko mutum ɗaya da ke irin sana'ata a wajen Najeriya ba. Na san aikin, amma ban san mutane ba, kuma a kasuwa wanda bai san mutane ba kayansa a ƙasa suke kwana.

Sai ga ƙarshen watan Oktoba na 2021, AfriLabs ta kawo babban taronta na shekara-shekara gida Abuja, daidai lokacin da take cika shekara goma da kafuwa. Duniya ba ta gama farfaɗowa daga annobar korona ba, taron shekarar da ta gabata ma ta intanet aka yi shi, don haka mutane sun zo da ƙishin ganin juna. Wani ƙanena da ke aiki a wata cibiya ne ya matsa mini in je. Na sa babbar rigata da takunkumi na tafi, kuma wallahi tun daga bakin ƙofa na san na shigo wata duniya. Nan ana Faransanci, can ana Larabci irin na Masar, ga 'yan gabashin Afirka suna gaisawa da Suwahili, ga 'yan Najeriya ana ta shewa. Kowa da kati a wuyansa ɗauke da sunansa da ƙasarsa, kuma abin da ya ba ni mamaki shi ne ba wanda ke jiran a gabatar da shi. Mutum zai tsaya gabanka, ya karanta katinka, ya tambaye ka me kake ginawa. Ba wanda ya tambaye ni ɗan wane ne ni, ko wa ya turo ni. A Abuja fa! Mai karatun da ya taɓa zaman jira a ɗakin baƙi na wani babba zai gane nauyin wannan magana.

Jawaban da aka yi a kan dandamali sun yi armashi, na cika littafina da rubutu. Amma zumar taron tana wajen shan shayi da layin abinci. A nan na haɗu da wata baiwar Allah daga Kenya wadda ta saurari bayanin manhajata har ƙarshe, ba ta katse ni ba, sannan ta tambaye ni shaguna nawa ne a cikin waɗanda nake hari suke da babbar waya da intanet kullum. Na yi shiru. Ta tuna mini cewa M-Pesa, wadda Safaricom ta ƙaddamar a 2007 ta kuma sauya harkar kuɗi a ƙasarsu, a kan ƙaramar waya mai madannai ta tashi, ba ta jira kowa ya sayi babba ba. Shawararta ita ce manhajata ta riƙa aiki ko babu intanet, in ya dawo sai ta tura bayanan. Minti goma sha biyar muka yi a tsaye da kofuna a hannu, amma abin da ta ba ni ya fi abin da na tsinta cikin shekara biyu ina lalube ni kaɗai. Na koma gida na sake gina aikin a kan wannan shawara, kuma shi ya sa yau masu shaguna a Suleja da Gwagwalada, inda sabis ke yawan yankewa, suke iya amfani da shi.

Wanda ba zan taɓa mantawa da shi ba kuwa wani matashi ne daga Yamai. Mun fara gaisawa da Turanci, shi yana ɗingishi da shi, ni kuma Faransancina bai wuce gaisuwa ba. Can sai wayarsa ta yi ƙara, na ji ya ɗauka yana cewa, “Ranka ya daɗe, ina wuni?” Yana ajiyewa na kama hannunsa na ce, “Haba ɗan'uwa, ashe na gida ne!” Asalinsa Bamaradi ne. Da yamma na kai shi Area 1 muka sayi kilishi, muka zauna muna hira har dare kan yadda ɗan kasuwar Maradi da na Jibiya suke cinikin miliyoyi da amana da kiran waya, amma tura kuɗi tsakanin naira da sefa ya zama musu ciwon kai. Har yau muna tare. Shi ya fassara mini manhajata zuwa Faransanci, ni kuma na duba masa tasa. Tsakanin Katsina da Maradi tafiyar 'yan sa'o'i ce, amma sai da ƙungiyar da ta tattaro Afirka baki ɗaya ta kira taro sannan muka ga juna.

A daren nan ne na gane abin da ya sa taron ya yi mini kama da wani abu da na daɗe da sani. Kakanninmu sun yi fataucin goro zuwa Gwanja. Ayari kan tashi daga Kano ko Katsina ƙarƙashin madugu, da jakuna ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, a yi wata da watanni a hanya kafin a isa kasuwar Salaga. Abin da ya riƙe wannan ciniki na ɗaruruwan shekaru shi ne zango da mai gida. Baƙon ɗan kasuwa idan ya sauka a garin da bai san kowa ba, wurin mai gida yake nufa. Shi zai ba shi masauki, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya gaya masa wane ne mai cika alkawari a kasuwar nan, wane ne kuma ba a ba shi bashi. Idan ciniki ya kai ga lamuni, mai gida ne ke tsayawa. Sunansa shi ne jarinsa, don haka ba ya yarda a cuci baƙonsa, ba ya kuma yarda baƙonsa ya cuci wani. Da haka aka kafa unguwannin Zango a Kumasi da Akara, da haka Sabo ta Ibadan ta riƙe cinikin shanu da goro tsakanin kudu da arewa.

To wannan tsari ne AfriLabs ta raya, ko da waɗanda suka kafa ta ba su taɓa jin labarin madugu ba. Kowace cibiya zango ce, shugabanta kuma mai gida ne. Idan kamfaninka ya yi ƙarfi a Abuja kana son ka gwada kasuwar Kigali ko Abijan, ba sai ka sauka a filin jirgi kana waige-waige ba. Cibiyarka za ta yi magana da 'yar'uwarta ta can, a ba ka tebur, a nuna maka ofishin rajista, a gaya maka yadda mutanen garin suke biyan kuɗi da abin da ba sa so. An tsaya maka ke nan. Yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka, wadda aka fara ciniki a ƙarƙashinta ranar 1 ga Janairu 2021, takarda ce da shugabanni suka sa wa hannu, kuma abu ne mai kyau. Amma takarda ba ta karɓar baƙo a tasha. Mutum ne ke yin wannan, kuma AfriLabs mutanen take haɗawa. Ni a ganina babu wanda ya kamata ya fi Bahaushe saurin fahimtar darajar wannan aiki, domin gadonmu ne.

Kada kuma a ɗauka abin ya tsaya a gaisuwa da musayar lambar waya. Ƙungiyar ta gane cewa zango ba ya tsayawa sai mai gida ya ƙoshi ya kuma san aikinsa, shi ya sa ta ɗauki shirin horar da masu tafiyar da cibiyoyin kansu, da tallafin euro miliyan 2 daga hukumar raya ƙasashe ta Faransa, AFD. An koya musu yadda za su riƙe lissafi, su nemi kuɗin shiga na kansu, su raini ƙananan kamfanoni har su tsaya da ƙafafunsu. Wannan hangen nesa ne, domin cibiyoyi da yawa a nahiyar nan an buɗe su da biki, tallafi na ƙarewa aka sa musu kwaɗo.

Shirin da ya fi burge ni shi ne Catalytic Africa, wanda suka kafa tare da ABAN, ƙungiyar masu zuba jari daga aljihunsu a kamfanoni tun suna jarirai. Tsarinsa mai sauƙi ne kuma mai hikima. Idan mai kuɗi na gida ya yarda ya sa jarinsa a ƙaramin kamfanin da ke da rajista da wata cibiya ta AfriLabs, sai asusun ya ƙara wa kamfanin wani kaso a kai. Mai jari ya samu ƙwarin gwiwa tunda ba shi kaɗai ya ɗauki kasadar ba, mai kamfani ya samu kuɗin da ya fi wanda ya nema, cibiya kuma ita ce shaidar cewa yaron nan an san shi, an san aikinsa. Lamunin mai gida ke nan sak, an sa masa rigar zamani. Ina ma alhazanmu na Kantin Kwari da Dawanau da kasuwar Wuse, waɗanda suka saba ɗora yaro a kan jari har ya zama mai gidan kansa, za su leƙo su ga wannan ƙofa. Abin da suke yi ne tun fil azal, kayan cinikin ne kawai suka sauya.

Sai batun mata, wanda ni uban 'ya'ya mata uku ba zan iya tsallake shi ba. Anna Ekeledo, 'yar Najeriya, ita ce ta ja ragamar ofishin ƙungiyar tun 2016, kuma a hannunta aka yi wannan bunƙasa da na ambata. Rebecca Enonchong ta Kamaru, wadda ta kafa kamfanin AppsTech, ta shugabanci hukumar gudanarwar ƙungiyar na tsawon shekaru. Ƙungiyar ta kuma ɓullo da shiri na musamman don mata masu ƙananan kamfanoni, RevUp Women, da tallafin gidauniyar Visa. A zauren taron na ga mata suna jagorantar zama, suna yi wa masu jari tambayoyi masu zafi, kowa kuma yana saurare da girmamawa. Na dawo gida na ba babbar 'yata labari, na kuma gaya mata cewa a nan arewa ma muna da irinsu, kamar Aisha Tofa ta Startup Kano da Maryam Lawan Gwadabe ta Blue Sapphire Hub. Tun daga ranar ta ɗauki tsohuwar kwamfutata, yanzu ita ke gwada mini manhaja kafin in kai wa masu shago.

Wani abin da nake yaba wa masu tafiyar da AfriLabs shi ne ba su bar taron ya zama mallakin gari ɗaya ba. An yi shi a Akara a 2016, Alƙahira a 2017, Darussalam a 2018, Adis Ababa a 2019. Bayan na Abuja aka tafi Lusaka a 2022, Kigali a 2023, sai Kef Tawun ta Afirka ta Kudu a 2024. Kowace shekara wasu ne masu masaukin baƙi, matasan garin da ba su da kuɗin jirgi su ma duniya ta zo ta same su har gida, kamar yadda ta zo ta same ni. Mafi yawan jarin da ke shigowa harkar fasaha a Afirka ƙasashe huɗu ne ke kwashe shi, Najeriya da Kenya da Masar da Afirka ta Kudu, a Najeriyar ma kusan duka Legas yake tsayawa. Ƙungiyar da ta ba cibiyar ƙaramin gari kujera daidai da ta babban birni ta yi adalcin da kasuwa da kanta ba ta yi ba.

Abuja kuwa ta fara nuna cewa ta cancanci riƙe wannan amana. Ventures Platform, wadda Kola Aina ya kafa a nan a 2016, tana cikin waɗanda suka zuba jari da wuri a Paystack, kamfanin da Stripe ta Amurka ta saya a 2020 kan fiye da dala miliyan 200. ThriveAgric, mai haɗa ƙananan manoma da jari da kasuwa, wadda yawancin manomanta 'yan arewa ne, a Abuja take. Ranar 19 ga Oktoba 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar ƙananan kamfanonin fasaha masu tasowa, aka ɗora wa hukumar NITDA riƙe sakatariyarta. Tunisiya ce ta fara yin irin wannan doka a Afirka a 2018, Senegal ta biyo baya, kuma a irin waɗannan tarurruka ne ɗan wata ƙasa ke jin abin da maƙwabta suka samu ya koma gida ya ce mu ma muna so. Kasancewar ofishin AfriLabs a gari ɗaya da ma'aikatu da majalisa da ofisoshin jakadanci da hedikwatar ECOWAS ba ƙaramar riba ba ce ga duk mai wannan sana'a.

Buri ɗaya ya rage mini, kuma buri ne na masoyi. Ina son ranar da zan shiga irin wannan zaure in tarar an ware zama guda da Hausa, harshen da miliyoyin 'yan kasuwa daga Agadas zuwa Kumasi suke ciniki da shi, don mai gyaran waya na Farm Centre a Kano da na Banex a Wuse su ma su ɗaga hannu su yi tambaya ba tare da jin nauyin baki ba. Na san hakan zai zo ne idan mun cika kujerun, domin ba a yi wa wanda bai zo ba shimfiɗa.

Shi ya sa kirana yake ga 'yan'uwana matasan arewa da na Nijar. Muna da gidajen da za mu fara daga cikinsu: CoLab a Kaduna, nHub a Jos, Startup Kano, Kirkira a Katsina, CIPMEN a Yamai, ga kuma cibiyoyin Abuja da ke buɗe ƙofa kusan kowane mako don zaman tattaunawa, da yawansu kyauta. Ka je wadda ta fi kusa da kai, ka tambaye su ko suna cikin AfriLabs, in ba sa ciki ka ƙarfafa musu gwiwa su shiga. Ka tafi da aikinka ko da bai gama nuna ba, ka gaisa da wanda ba ka sani ba, ka karɓi lambarsa, kuma kada ka bari mako ya zagayo ba ka kira shi ba. Masu hali a cikinmu kuma su ɗauki nauyin tafiyar yaro ɗaya ko yarinya ɗaya zuwa taron shekara mai zuwa. Ni dai na riga na fara tara kuɗin jirgi, ni da babbar 'yata, kuma in Allah ya kai mu ina fatan in ji Hausa tana tashi daga kowace kusurwa ta zauren.